Makullin makunnin injin zarto ya ɓata: nazarin gyaran wani Craftsman na gwanjo

Mu ɗauki inji guda ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe, irin wanda ake gani a shagon kafintan da ya fara ajiye zarton hannu. Zarton tebur ne ƙirar Craftsman, mai faifai inci 10, yana zaune a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. An sayo shi gwanjo bayan ya gama aikinsa a Amurka. Farantin da ke jikinsa ya nuna 120V, 15A, 60Hz, lambar ƙirarsa kuma ta fara da 137. Tunda wutarmu 230V ce, shagon yana ba shi wuta ta taransifoma mai rage ƙarfi, wadda masu gyaran wuta ke kira sitef-dawun. A gaban injin, ƙarƙashin bakin tebur, akwai makunni, a tsakiyarsa kuma akwai rami inda wani ɗan makulli na roba ruwan ɗorawa yake zama. Makullin ya faɗa cikin garin katako an share shi, ko wani yaro ya sa shi a aljihu ya tafi gida. Moto lafiya lau, faifai sabo, amma ko an danna makunni sau ɗari injin ba ya motsi, ga kuma aikin mutane a jibge.

Tambayar da maigidan shago yake yi ita ce inda zai samu wani makullin. Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. Sai dai duk wanda ya buɗe akwatin makunnin nan da idon sani zai ga cewa makullin rabin matsalar ce kawai.

Abin da makullin yake yi

Babu ƙarfe a jikin wannan makulli, wuta ba ta bi ta cikinsa. Aikinsa haɗi ne tsakanin marfin da yatsa ke ɗagawa da wani ɗan harshe da ke can ciki, wanda ke tura sifirin ya haɗa bakunan tagulla. A wasu makunnan, makullin shi ne abin ɗagawar kansa, idan an zare shi babu abin da yatsa zai kama. A wasu, marfin yana nan amma lilo kawai yake yi ba ya taɓa komai. A wasu kuma akwai ɗan haƙorin roba da ke tokare marfin, ƙafafun makulli ne ke ture shi gefe. An ƙera su yadda ko an zare makulli injin yana gudu, ana iya kashe shi, amma ba a iya sake tayar da shi sai an mayar. Littattafan injinan Delta sun bayyana haka a sarari.

An yi shi ne saboda irin zaman da injinan nan ke yi a Amurka, a garejin gida inda yara ke shiga su fita. Uba ya gama aiki, ya zare makulli ya ɓoye. Iyakar kariyar da yake bayarwa ke nan: hana wanda bai kamata ba ya kunna. Ba a dogara da shi wajen canza faifai, nan sai an cire fulogi daga bango. Sannan ba ya hana inji tashi da kansa idan an ɗauke wuta an dawo da ita, wanda shi ne babban abin da za mu daɗe a kansa nan gaba.

Ya kamata a san girman abin da ɗan robar nan ke tsarewa. Faifan inci 10 a irin waɗannan injina yana juyi 4,000 zuwa 5,000 a minti, wato haƙoran bakinsa na tafiya da gudun kilomita 190 zuwa 240 a awa. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 30,000 ne ke zuwa asibiti a shekara saboda faifan zarton tebur ya taɓa su, dubbai daga cikinsu suna rasa yatsu.

Dabarun gaggawa da ke lalata makunni

Dabara ta farko da ke zuwa wa yaran shago ita ce ƙusa ko bakin sukundireba. A zura a rami, a laluba harshen ciki, a tura shi sama. Inji yakan tashi, shi ya sa dabarar ke samun karɓuwa. Amma harshen nan roba ce mai kaurin milimita kaɗan, an yi ta don ƙafafun roba su tura ta daidai ta gefe biyu. Ƙusa tana cin ta ta gefe guda, ta gurje ta, daga baya ta tsage. Kafin ta tsage ma, turin yakan tsaya rabi, bakunan tagulla su haɗu ba su matse ba. Amfiya 15 na bi ta ɗan wurin da ya taɓa, wurin ya yi zafi, tartsatsi ya ci tagullar, robar da ke riƙe da ita ta fara narkewa. Alamarsa warin ƙonanniyar roba da ɗumi a jikin akwatin makunni bayan aikin rabin awa. Ƙarshen wannan hanya ɗayan biyu ne: ko makunnin ya mutu a buɗe inji ya daina tashi, ko bakunan su manne da juna inji ya ƙi mutuwa. Na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba. Ga kuma ƙarfe a hannun mutum yana yawo kusa da waya mai wuta.

Ta biyu ita ce a sassaƙa ɗan itace a cusa a rami a zuba masa sufa-gulu. Gam ɗin ruwa ne, yana gangarawa ciki ya daskare a kan sifirin da madogarar marfi. Makunnin da ya kamata ya yi ƙas ya faɗa wuri guda sai ya koma yana jan jiki, kuma jan jikin nan shi ke tsawaita tartsatsi duk lokacin da aka kashe.

Ta uku ita ce mafi haɗari, kuma abin takaici, sau da yawa mai gyaran wuta ne ke yin ta: a zare wayoyi daga bayan makunni a haɗa su kai tsaye a naɗe da salatif, fulogi ya zama shi ne makunni. Daga nan mai yanka ba shi da hanyar tsayar da faifai daga inda yake tsaye. Idan katako ya cije, hannayensa biyu na riƙe da shi, sai ya ƙwala wa yaro kira ya ciro fulogi. Duk wanda ya sa fulogin a soket kuma, yana tsammanin na fanka ne ko na injin goge katako, ya tayar da faifai ba tare da ya ga abin da ke kan tebur ba. Injin da aka yi wa wannan haɗi bai kamata ya yi yanka ko ɗaya ba sai an mayar masa da makunni.

Gano makullin da ya dace

Kuskuren da ke cinye kuɗi a nan shi ne a ce "makullin Craftsman" kawai a yi oda. Craftsman suna ne na kanti. Kamfanin Sears ne ke da shi har zuwa 2017 da ya sayar wa Stanley Black & Decker, kuma Sears ba ya ƙera injinan da kansa, kamfanoni daban-daban yake ba kwangila. Lambobi uku na farkon lambar ƙira su ke nuna maƙerin. Lamba 113 ta Emerson Electric ce, 315 ta Ryobi, 137 ta Rexon na Taiwan, 103 ta King-Seeley a tsofaffin injina. Kowane maƙeri da irin makunnin da yake sakawa, saboda haka makulli ruwan ɗorawa na injin 113 ba lallai ya shiga ramin injin 137 ba, ko da launinsu ɗaya, sunan da ke jikin tebur ɗaya. Haka abin yake ga Delta, Skil, Ridgid da Ryobi: wani lokaci injinan kamfanoni biyu suna da makulli ɗaya saboda makunninsu daga masana'anta ɗaya ya fito, wani lokaci injina biyu na kamfani ɗaya ba sa karɓar makullin juna.

Don haka ana farawa da rubuta cikakkiyar lambar ƙira, lambobi ukun farko da shidan da ke bayan ɗigo. Da ita ake neman takardar sassan injin a intanet, inda makulli yakan fito da lambarsa daban da ta makunni. Idan farantin ya goge, ko kuma wani ya taɓa canza makunnin a baya, sai a koma ga makunnin kansa. A cire fulogi daga taransifoma, a kwance sukurorin akwati, a ɗauki hoton wayoyi yadda suke kafin a taɓa ko ɗaya. Makunnin yana riƙe ne da kunnuwan roba a gefe, a matse su daga baya a turo shi waje. A jikinsa akwai sunan maƙeri da lambar samfuri da ƙarfin da yake ɗauka. A injinan Taiwan da China ana yawan samun na kamfanin Kedu, misali HY7 mai ƙafa huɗu, wato 'yan ƙarafan bayansa da ake haɗa wa waya. Wannan rubutun na jikin makunni ya fi sunan injin amfani wajen neman makulli.

Kafin a mayar, a auna rami: faɗinsa, tsawonsa, zurfinsa, da tazarar da ke tsakanin hujin da ƙafafun makulli ke shiga. Ma'aunin kalifa ya fi, domin bambancin milimita ɗaya ya isa ya sa makulli ya ƙi kamawa. A kwatanta da hotunan mai sayarwa ta gaba da ta baya. Makullin kansa daloli kaɗan ne, kuɗin aiko shi ya fi kuɗinsa, saboda haka babu hikima a yi odar guda ɗaya. A sayi uku.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a injinan 137. Da yawansu suna da ɗan maɓalli kusa da makunni wanda ke yanke wuta idan moto ya sha nauyi. Idan an sa sabon makulli inji bai tashi ba, a bar moto ya huce na 'yan mintuna, a danna wannan maɓalli, kafin a ce makulli bai yi ba.

Idan sai an ƙera

Wanda ba zai iya jiran oda ba yana iya ƙera makulli, da sharaɗi biyu: a yi shi da roba mai tauri, kuma a kwaikwayi na asali, kada a yi shi da ka. Idan wani shago na da irin injin, a ari nasu a auna. A yanko daga roba mai kauri daidai da ramin, a gyara ƙafafu da ƙaramin magagari, ana gwadawa a makunnin da aka ciro a hannu ba wuta. Ƙarfe, ko da alminiyam ne, bai halatta ba. Itace yana kumbura da damina ya tsuke da rani, yau ya cije gobe ya zame.

Masu injin buga kaya na 3D suna iya fitar da shi, kuma akwai zanen makullai da dama a intanet. A kula da irin robar. PLA tana fara laushi kusa da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, wanda bai yi nisa da zafin akwatin makunni a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu ba. PETG tana kaiwa kusan 80, ABS kusan 100, ɗayansu za a zaɓa. A buga shi a kwance, yadda zaren robar zai bi tsawon ƙafafu. Idan an buga shi a tsaye, ƙafafun suna ɓallewa a kan layin bugu, guntun ya maƙale a cikin rami.

Gwajin makullin da aka ƙera uku ne. Idan an ɗaga, dole a ji ƙas ɗin sifirin cikakke kamar na asali. Idan an danna ƙasa, dole ya mutu nan take, sau ashirin a jere ba kuskure ko ɗaya. Sannan a zare shi makunni na kunne, a tabbatar ana iya kashewa. Wanda ya faɗi ɗaya daga ciki, a jefar.

Idan ƙusa ta riga ta yi ɓarna

A injin da muke magana a kai, in har an yi kwanaki ana tayar da shi da ƙusa, sabon makulli ba zai warkar da shi ba. Ana gane haka da mitar gwaji. A ciro makunni, a zare wayoyi, a sa mita a ma'aunin om, wanda ke nuna yadda haɗi ke tare wuta. Mai ƙafa huɗu layi biyu ne, kowane layi da mashiga da mafita. A kunne, kowane layi ya nuna ƙasa da om ɗaya, kuma lambar ta tsaya cak ko an girgiza marfi. A kashe, kada ya nuna haɗi ko kaɗan. Lambar da ke rawa, ko ƙafar da ta yi baƙi, ko robar da ta kumbura a gindin ƙafa, duk suna nufin a canza makunnin gaba ɗaya. Sabon makunni yana zuwa da makullinsa, kuma sau da yawa samunsa ya fi samun makulli shi kaɗai sauƙi.

Wajen saye, abu uku za a daidaita: girman ramin da zai zauna, yawan ƙafafu, da ƙarfi. Makunnin nan yana ɓangaren 120V, saboda haka amfiya 15 zai ɗauka, da ƙarin ninkin da moto ke ja a daƙiƙar tashi. A duba lambar da aka rubuta wa 125V, kada ta gaza 15A, in ta kai 20A ya fi. A makunnan da aka yi bisa tsarin Turai za a ga lamba biyu, kamar 16(12)A. Ta farko ta kayan ɗumama ce irin hita, ta cikin baka ita ce ta moto, kuma ita ce ta shafe mu. Makunnin fitila ko na fanka da aka tsinta a kasuwa ba zai kwana biyu a nan ba.

Kan wayoyin akwai 'yan hulunan tagulla da ke shiga ƙafafun makunni, yawanci masu faɗin milimita 6.3, wasu 4.8. Idan sun yi zafi sau ɗaya sun saki, ba sa sake matsewa yadda ya kamata. A yanke su, a feƙe waya har a kai inda tagulla ke ƙyalli, a matse sababbi da filayar matsi, a ja da hannu a ga ba su zame ba. Idan za a ƙara waya, a sa mai kaurin 2.5mm², domin ta asali lamba 14 ce a ma'aunin Amurka, wadda ta ɗan haura 2mm².

Launin waya wuri ne da ake samun mummunan kuskure. A injin Amurka, baƙar waya ita ce mai wuta, fara ita ce nutural, koriya ta ƙasa. A tsohon tsarin Ingila da masu gyaran wutarmu da yawa suka taso da shi, ja ce mai wuta, baƙa kuwa nutural. A sabon tsarin, ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ta ƙasa. Mai gyaran da ya ga baƙa ya ɗauka nutural ce zai iya ɗora makunni mai layi ɗaya a kan farar waya, inji ya mutu amma moto na cike da wuta. Akwai ƙarin dalilin da ya sa makunni mai layi biyu ya fi a nan. Yawancin sitef-dawun masu araha naɗi ɗaya gare su, ɓangaren 230V da na 120V a haɗe suke. Idan aka juya mai wuta da nutural a soket ɗin bango, abin da ba baƙo ba ne a shagunan da aka ja wa wuta a gurguje, wayoyin injin za su nuna 120V a tsakaninsu, amma ɗayarsu tana da 230V idan aka auna ta da ƙasa. Makunnin da ke yanke waya biyu lokaci guda yana raba moto da wannan. A kuma gwada da mita ko wayar ƙasa ta ratsa taransifoma ta isa jikin injin, domin wasu soket ɗin taransifoma huji kawai gare su babu abin da aka haɗa a baya.

Matsalar da makulli bai taɓa magancewa ba

A ce yanzu an sa sabon makunni da makullinsa, inji yana tashi yana mutuwa yadda ya kamata. A garejin Amurka, inda ɗauke wuta abu ne na jefi-jefi, aiki ya ƙare. A shagon da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ana sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, bai ƙare ba. Wannan makunni na hannu ne, inda aka bar shi nan yake zama. Ana cikin tsaga katako wuta ta tafi, faifai ya tsaya a tsakiyar yanka, shago ya yi tsit. Mai yanka ya saki katako ya je ya ga abin da ya faru, ko ya sa hannu ya share gari daga bakin faifai, makunni kuwa yana nan a kunne. Ana tayar da janareta, ko wuta ta dawo, faifai ya tashi da cikakken ƙarfi yana cije da katako, ya wurgo shi baya ta inda cikin mutum yake, ko ya samu yatsu a kusa.

Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta san da wannan. Sashe na 1910.213 na ƙa'idojin OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta ƙasar, wanda ya shafi injinan katako, ya ce inda sake tashin moto bayan ɗaukewar wuta zai iya raunata ma'aikaci, dole a yi tanadin da zai hana inji tashi da kansa. Dokar injina ta Tarayyar Turai ta 2006 ita ma ta hana tashin ba-zata, shi ya sa injinan katako na Turai ke zuwa da maɓalli kore na tayarwa da ja na kashewa. A ganinmu, duk shagon da ya buɗe akwatin makunni saboda makulli ya ɓata, bai kamata ya rufe shi ba sai ya toshe wannan ƙofa, domin ita ce ke buɗe kullum, ko makulli na nan ko ba ya nan.

Maganinsa makunni mai maganaɗisu. A cikinsa akwai naɗin waya da ke riƙe bakunan tagulla a haɗe muddin akwai wuta. Wuta na tafiya ya saki, kuma ba ya komawa sai an danna kore. Ƙananansu, irin KJD12 da KJD17 na Kedu, su ne a jikin injinan Turai da yawa. Wanda zai yi amfani da su ya lura da ƙarfin naɗin: akwai na 230V, akwai na 120V, ba sa musanya. Na 230V a ɓangaren 120V ba zai riƙe ba, na 120V a ɓangaren 230V zai ƙone. Akwai kuma mai ƙafa huɗu da mai biyar. Ƙafa ta biyar, mai alamar A1, ita ce ke ciyar da naɗin, idan ba a haɗa ta ba inji zai yi gudu ne kawai muddin yatsa na kan kore. Mutane da yawa sun mayar da makunni lafiyayye wurin mai kaya saboda wannan.

Ga injin 15A da ke bayan taransifoma, ƙaramin makunnin yana da rauni ta kowane ɓangare. A ɓangaren 120V yana aiki a iyakar ƙarfinsa, kuma idan taransifoma ƙarama ce, wuta kan faɗi a daƙiƙar tashin moto har naɗin ya saki. A ɓangaren 230V nauyin aikin kusan amfiya 8 ne kacal, tunda wat 1,800 ne, amma taransifoma tana zuƙar wuta mai yawa a ƙiftawar da aka kunna ta, wanda ke cin ƙananan bakunan tagulla. Abin da ya fi dacewa shi ne sitata mai kwantakta, wato babban makunni mai maganaɗisu, irin wadda ake sa wa famfon rijiyar burtsatse da injin niƙa, a ɗora ta a ɓangaren 230V kafin taransifoma. Kwantakta mai 18A ko 25A a ma'aunin AC-3, wato na moto, da naɗin 230V, ta wadatar. Haɗinta sananne ne ga duk mai gyaran wutar masana'anta: mai wuta ta bi ta jan maɓalli mai zama a rufe, ta wuce ta koren mai zama a buɗe, ta shiga A1, nutural ta shiga A2, wato ƙafafun naɗin biyu, sannan a haɗa ƙananan ƙafafu 13 da 14 a gefen koren don su riƙe bayan an ɗaga yatsa. Taransifomar kanta kada ta gaza 3,000VA.

Makunnin gaba mai makulli yana nan a wurinsa, ba a cire shi. Da safe a danna kore sau ɗaya, sannan a riƙa kunnawa da kashewa da makunnin gaba kamar kullum. Wuta na tafiya kwantakta ta faɗi, ko ta dawo babu abin da zai isa ga injin. Makulli yana hana yaro, sitata tana hana tashin ba-zata. Sai dai wannan tsari yana da tarko guda: idan an bar makunnin gaba a kunne, wanda ya danna kore shi ne ya tayar da faifai. Don haka akwatin sitata ba a bango can nesa ake kafa shi ba. A ɗaure shi a ƙafar injin ta gaba, ɓangaren hagun mai yanka, inda mai dannawa yana kallon faifai, jan maɓallin kuma ya zama babba mai kan lema wanda gwiwa za ta iya bugawa. Ƙa'idar shago ita ce a fara sauke makunnin gaba kafin a taɓa kore.

Wutar da ba ta da ƙarfi ita ce abokiyar gabar kwantakta. An ƙera naɗinta ya kama daidai daga kashi 85 zuwa 110 cikin ɗari na ƙarfin da aka rubuta, wato ga na 230V, daga kusan 195V. Ƙasa da haka sai ta fara karkarwa tana kamawa tana saki, bakunanta su ƙone cikin ɗan lokaci. Idan an ji wannan ƙara, a kashe a koma janareta. Kada a cusa itace a danne kwantaktar, domin yin haka ya mayar da injin inda aka fito. Wutar da ta kasa riƙe naɗi ba za ta yi wa moto kirki ba.

Duk wannan ya kuma shafi teburan da makunninsu akwati ne mai soket a baya, irin na injin gyaran bakin katako da ake kifewa a ƙarƙashin tebur. A nan ma abin ya fi tsanani, domin makunnin jikin injin a kunne ake barinsa dindindin, akwatin tebur shi kaɗai ke iko da shi. Soket biyun da ke bayan akwatin kuma amfiya 15 ɗin nan suke rabawa, ba kowanne da nasa ba.

Gwaji kafin a koma aiki

Gwajin farko ana yin sa ne babu faifai, ko an sauke shi ƙasa da tebur gaba ɗaya. A danna kore, a sa makulli, a kunna a kashe sau da yawa. A zare makulli a gwada ɗagawa, kada ya tashi. A kunna, a zare makulli yana gudu, a kashe, a ga ya mutu. Sannan gwaji mafi muhimmanci: inji na gudu, wani ya sauke babban makunnin shago ko ya juya canjin janareta, ya ƙirga biyar ya mayar. Injin ya zauna shiru. A buga ja yana gudu, a ga ya tsaya. Bayan an mayar da faifai an yi yankan minti goma sha biyar, a cire fulogi a taɓa akwatin makunni da hulunan waya. Ɗumi kaɗan ba komai, zafin da yatsa ba ya jurewa yana nufin akwai haɗin da bai matse ba.

Garin katako yana shiga ramin makulli ya dunƙule, har makulli mai kyau ya ƙi zama. A hura shi da iska duk mako, fulogi a cire. Kada a zuba fetur ko baƙin mai, fetur yana cin roba, mai kuma yana tara gari ya zama laka.

Wajen ajiya, kada a ɗaure makulli da igiya a jikin injin, domin makullin da ke rataye a gefen raminsa bai kulle komai ba. A huda kansa da bakin 3mm, nesa da ƙafafu, a sa masa zobe da guntun katako mai tsawon tafin hannu da aka shafa wa jan fenti, yadda ba zai ɓace a cikin gari ba, ba zai kuma shige aljihu a manta ba. Wannan shi ne na aiki, yana hannun oga ko babban yaron shago, yana fita daga injin duk lokacin tafiya salla ko cin abinci da lokacin tashi. Sauran biyun su zauna a durowa mai kwaɗo, tare da takardar da aka rubuta lambar ƙirar injin, lambar makunni, da hoton yadda wayoyi suke.